Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Manyan Motoci, Masu Kaya Da Masu Rumbunan Ajiya: Wa Ke Biyan Direba In Taya Ta Tsaya?

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ƙarami zuwa ga manya, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da dukiyoyinku.

Ni direban babbar mota ne. Da yaron mota na fara, ina jan tamfol ina sa wa taya waigi, har Allah ya sa na kama sitiyari, yau sama da shekara 20 ke nan. Da gangan na haɗa ku ku uku a takarda ɗaya, domin duk sanda na kai wa ɗayanku wannan kuka shi kaɗai, sai ya nuna mini ɗan'uwansa. Mai mota ya ce mai kaya bai biya ba. Mai kaya ya ce ai mai sito ne ya riƙe motar. Mai sito kuma ya ce shi bai ɗauke ni aiki ba, bai san da zamana ba. To ga ku nan gaba ɗaya, ku ji ni a zama ɗaya.

Maganar ita ce lodi da sauke kaya, da kuma yadda ake biyan direba a kansu, ko in ce yadda ba a biyansa.

Kun fi ni sanin yadda ake yanka wa direban dogon zango haƙƙinsa. Wani ana biyansa da yawan mil ko kilomita da ya ci. Wani da sawu, ya kai ya dawo a ba shi abin da aka yanka. Wani ana cire masa kaso daga kuɗin ɗaukar kayan. Wani yana da ɗan albashin wata, amma abin da yake riƙe gidansa da shi alawus ɗin tafiya ne. Sunayen daban daban ne, amma a gindi abu ɗaya ne: in taya tana juyawa akwai kuɗi, in ta tsaya babu. Ga shi kuwa duk kayan da mota ta ɗauka sai ta tsaya musu sau biyu, wurin ɗorawa da wurin saukewa, kuma a duka biyun ba direba ke riƙe da agogo ba.

Bari in ba ku labarin wuni ɗaya, irin wanda ba zan iya ƙirga yawansa ba. An ce in iso ƙarfe 7 na safe. Na yi tuƙin dare don kada in makara, tunda na san in na makara da rabin awa za a ce na rasa layi, wani lokaci har a ci tarar maigidana. Ƙarfe 6 ina bakin ƙofa. Maigadi ya karɓi takarda ya ba ni lamba, ya nuna mini inda zan tsaya. Hantsi ya yi, ba a kira ni ba. Azahar ta yi, aka ce injin ɗaga kaya ɗaya ne ke aiki, ɗayan ya lalace. Da la'asar aka ce in matso, na yi baya na saita bodi da dakalin sito, aka buɗe, aka sauke rabi, sai aka ce ma'aikatan sun tashi, sai waɗanda za su karɓe su sun iso. Ban fita daga ƙofar nan ba sai bayan isha. Awa 14 ke nan, kuma a lissafin da ake biyana da shi, ranar nan ban yi aikin komai ba, tunda motar ba ta ci ko kilomita ɗaya ba. Ina fita waya ta yi ƙara, ana tambayata ko zan kai wurin lodi na gaba kafin gari ya waye.

Na sha jin ana cewa, to ai zaune kake, hutawa kake yi. Ranku ya daɗe, wanda bai taɓa zaman layin lodi ba ne zai kira shi hutu. Layi yana jan jiki kaɗan kaɗan, in ta gabanka ta matsa dole ka tada inji ka matsa, in ba haka ba wani ya shige maka gaba. Ba ka isa ka yi nisa da mota ba, don ba ka san sanda za a kira lambarka ba, in kuwa aka kira ba ka nan, ka koma baya. Kayan da ke bodi amana ne a wuyanka, ko kwali ɗaya ya yi ƙafa kai za a tambaya. In ka kishingiɗa a kan mota, barcin rabi da rabi ne, kunnenka na waje. Akwai wuraren da ko banɗaki ba sa barin direban waje ya shiga. Mutumin da ba shi da ikon tafiya gidansa, ba shi da ikon kwanciya, ba shi da ikon ɗaukar wani aikin, wannan a bakin aiki yake, ko hannunsa na kan sitiyari ko yana naɗe a ƙirji.

Ba ni kaɗai na faɗa ba. Tarayyar Turai tana da doka tun 2002 a kan lokacin aikin ma'aikatan sufurin hanya, kuma ta lissafa lodi da sauke kaya cikin lokacin aiki ƙarara. Har jiran lodi ta sa a ciki, muddin direba bai san tsawon jiran ba tun farko. Ta kuma ce kada matsakaicin aikin mako ya wuce awa 48. Dokar ta tsaya ne a kan ƙirga awoyi, batun nawa za a biya ta bar wa kowace ƙasa da yarjejeniyar aiki, amma ko ba komai ta kira abin da sunansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a harkar dakon kaya kowa ya san jira kuɗi ne, sai in an zo kan direba. Jirgin ruwa in ya tsaya a tasha, akwai kwanakin da aka yarje a yi lodi ko a sauke a cikinsu, in aka wuce, wanda ya yi hayarsa zai biya kuɗin jinkiri kowace rana, kuma ba wanda ke musu. Kwantena, akwatin ƙarfe da ba ta ci ba ta sha, in ta wuce kwanakinta a tasha ko a hannun mai kaya, ana cajin kuɗi a kanta kullum. Ƙarfe yana da kuɗin zama, ɗan Adam da ya jawo shi ba shi da shi. Ita kanta kwantenar ma daga zaman jiran direba aka haife ta, in aka bi labarin da Malcom McLean yake bayarwa da bakinsa. Direba ne ɗan Amurka, ya ce a 1937 ya kai dilolin auduga tashar jiragen ruwa a New Jersey, ya wuni yana kallon 'yan dako suna ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya, har ya raya a ransa me zai hana a ɗaga bodin gaba ɗaya a ɗora a jirgi. A ranar 26 ga Afrilu 1956 jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Kusan shekara 70 ke nan, an sauƙaƙa wa jirgi, an sauƙaƙa wa kaya, direba kuwa yana nan a bakin ƙofa inda McLean ya bar shi.

Na yi ta tunanin me ya sa abin ya ƙi gyaruwa, alhali ba mugaye ba ne ku. Amsar da na samu ita ce, duk abin da aka samu a banza ba a tattalinsa. Mai sito yana biyan ma'aikatansa da awa, yana biyan hayar injin ɗaga kaya, yana biyan wuta, don haka yana lissafin kowannensu. Lokacin direba kuwa kyauta ne a wurinsa. To me zai sa ya ɗauki ƙarin ma'aikata biyu, tunda zai iya kiran mota goma a lokaci ɗaya su yi layi, mutanensa kada su taɓa zama ba aiki? In sitonsa ya cika, me zai sa ya kama hayar wani, tunda ga bodin tirela a tsakar gidansa kayan suna kwance a ciki lafiya, ga mai gadinsu a zaune a kai ba a biya shi ko kwabo ba? A lissafin ɗan kasuwa dabara ce mai kyau. Amma kuɗin da ya tsira da su ba daga sama suka faɗo ba, daga aljihun direba da barcinsa aka cire su.

Kuma abin ba a aljihu yake tsayawa ba, yana bin mu har kan kwalta. Ku duba Amurka, inda aka fi rubuta waɗannan abubuwa da alƙaluma. Dokarsu ta ce direban kaya zai iya tuƙin awa 11, amma a cikin awa 14 daga sanda ya fara aiki, sannan ya huta awa 10. In aka riƙe shi awa 5 a wurin lodi yana bakin aiki, abin da ya rage masa awa 9 ne, a cikinsu zai sha mai, ya duba mota, ya yi hutun rabin awa da doka ta wajabta. Mutumin da ake biya da mil, aka cinye masa awoyinsa a tsaye, me kuke zaton zai yi da ragowar? Taka mota zai yi. Zai wuce wurin da ya kamata ya tsaya ya runtsa. A da, da littafin takarda ake rubuta awoyi, mutane su rubuta zaman jira a matsayin hutu don su tsira da lokacin tuƙi. Daga Disamba 2017 aka wajabta na'urar lantarki mai rubuta tuƙi da kanta, ƙaryar ta yi wuya, amma ba a taɓa tushen abin ba. A Turai na'urar takograf, mai rubuta awoyin direba, tana da alamar gado don hutu, da alamar guduma biyu a giciye don sauran aiki, kuma duk direban da ya san hanya ya san akwai masu danna gado alhali suna cikin bodi suna jan kaya. A takarda ya huta minti 45, a jiki kuwa gumi yake yi.

A watan Janairu 2018 ofishin babban sufeto na ma'aikatar sufurin Amurka ya fitar da rahoto a kan wannan jira. Ƙiyasinsu ya nuna ƙarin minti 15 kacal a kan matsakaicin lokacin da mota ke yi a tsaye wurin lodi yana ƙara hasashen yawan haɗari da kashi 6.2 cikin 100. Sun kuma ƙiyasta cewa jiran yana rage wa direbobin da ke ɗaukar cikon mota kuɗin shiga tsakanin dala biliyan 1.1 da 1.3 a shekara. Ni ban buƙaci rahoto ba kafin in sani, na taɓa farkawa na ji tayata tana cin gefen titi bayan wuni irin wanda na ba ku labari, Allah ne kawai ya tsare. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Amma na kawo muku alƙaluman ne don ku ga cewa awar da aka ɓata a cikin sitonku tana iya zama jinin wani bawan Allah da ke cikin ƙaramar mota da iyalinsa, wanda bai san sunan kamfaninku ba. A can Amurkan kuma, dokar ƙwadago ta 1938 da ta ba ma'aikata ƙarin kuɗi in sun wuce awa 40 a mako ta ware direbobin da ke ƙetare jihohi, har yau ba sa ciki.

Wannan jira ke nan. Akwai kuma ɗaukar kaya da jiki, wanda shi daban ne.

An ɗauke ni aiki ne in tuƙa mota. Lasisina na tuƙi ne, gwajin da aka yi mini na tuƙi ne. Amma sau nawa na isa wuri aka ce babu masu saukewa, in ina so in tafi yau in sauke da kaina? Buhu ɗari huɗu mai kilo 50, tan 20 ke nan, bayan tuƙin dare. Ko a ce ga 'yan dako nan a bakin ƙofa, in yi ciniki da su in biya daga aljihuna, in kawo rasit a mayar mini, rasit ɗin da wani lokaci sai an yi wata ana ja-in-ja a kansa. Ba ni da rigima da 'yan dako, neman halal suke yi kamar ni, kuma sun fi ni iya aikin. Rigimata ita ce wa ya kamata ya biya su. Kayan ba nawa ba ne, ribarsu ba tawa ba ce. Amurka ta yanke wannan tun a dokar sufurin motoci ta 1980: in mai aikawa ko mai karɓar kaya ya ce dole a taya direba lodi ko saukewa, to shi zai kawo masu tayawar ko ya biya kuɗinsu duka, kuma haramun ne a tilasta wa direba. Sifaniya ta wuce nan. A 2022 ta hana direban motar da ta haura tan 7.5 sa hannu a lodi da saukewa, in ban da ayyukan da aka ware, irin su tanka, tifa, motar ɗaukar motoci da kwashe kayan masu ƙaura, kuma tarar da ta sa ta kai Yuro 4,001 zuwa 6,000. Ta kuma rage lokacin jiran kyauta daga awa 2 zuwa awa 1, abin da ya haura a biya diyya. Fotugal ta riga ta yin irin wannan a 2021. Kayan abinci ba su daina isa kasuwa a ƙasashen nan ba.

Ku tambayi tsofaffin direbobi abin da ke damunsu: baya, gwiwa, kafaɗa. Da yawa ba a kan hanya suka ji ciwon da ya zaunar da su ba, a wurin lodi ne, wani ya faɗo daga saman kaya yana jan tamfol, wani injin ɗaga kaya ya matse shi. Sai a shiga gardama, mai sito ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, mai inshora ya ce ba a kan tuƙi abin ya faru ba. Na san wani abokin aiki da muka yi shekaru muna haɗuwa a layi, yanzu ko sunkuyo ba ya iya yi sai da dabara, yana da 'ya'ya ƙanana. Ba wanda ya taɓa biyansa kuɗin buhun da ya karya shi.

Ga wani abin kuma da ke ɗaure mini kai. A wasu wuraren ba a barin direba ya tsaya ya ga ana lodi, a ce ya koma cikin mota, a rufe bodi a buga hatimi, a miƙo masa takarda ya sa hannu ya karɓi kwali kaza lafiya lau. In aka je saukewa aka ga gibi ko fashewa, a cire daga haƙƙinsa. Ba a biya shi ya ƙirga ba, ba a ma bar shi ya ƙirga ba, amma shi zai biya abin da ya ɓata. In ba ku bar ni na gani ba, ku rubuta a takardar cewa ku kuka loda ku kuka ƙirga.

Iyayen gidanmu masu motoci, na san ku ma ba a kan gadon fure kuke ba. Mai yana cin rabonsa, taya da gyara suna cin nasu, ga bashin motar, ga dillalin da ke tsakaninku da mai kaya yana cire la'adarsa. Na san tsoronku: in kuka matsa wa babban mai kaya a kan kuɗin jira, gobe ya ba wani aikin. Motar da ke tsaye ku ma asara take jawo muku. Amma akwai abin da ba zan ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wurare da yawa al'ada ita ce a ba mai kaya awa 2 kyauta, abin da ya haura a caje shi. Akwai a cikinku masu cajin wannan kuɗi su karɓa, direban da ya yi zaman kuwa ko labari bai ji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu kuma sukan yafe wa mai kaya don a ci gaba da mutunci, alhali abin da suka yafe ba nasu ba ne su kaɗai. Kuma ita awa biyun farko, in kun yafe wa mai kaya, wannan tsakaninku ne, ni ban yafe ba, domin a bakin aiki nake tun da maigadi ya karɓi takardata. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta sa a dokarta daga 2016 cewa ma'aikacin da ake biya da yawan abin da ya yi, dole a biya shi daban a kan lokacin da yake ƙarƙashin ikon maigida amma ba ya samar da abin da ake ƙirgawa. Ba wani sabon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma gumin da aka yi a cikin bodi da tsakar rana gumi ne.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A rubuta lokacin da mota ta shiga ƙofa da lokacin da ta fita a jikin takardar kaya, akawun wurin ya sa hannu, direba ya sa nasa. Wannan shi ne gindin komai, domin abin da ba a rubuta ba kowa zai iya musunsa, kuma yanzu da kusan kowace mota take da na'urar nuna inda take, ba wanda zai ce bai san sanda ta iso ba. A yanka wa direba kuɗin awa a kan wannan lokaci, a rubuta shi a yarjejeniyar aiki tun ranar ɗauka, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya biya direbansa ko mai kaya ya biya ko bai biya ba, sannan ya bi nasa haƙƙin, domin shi ke da yarjejeniya da mai kaya, shi ke da bakin magana, direba ba shi da shi. Lodi da saukewa su zama a wuyan mai aikawa da mai karɓa. In aikin irin wanda sai direba ne, kamar ɗaure kaya, jan tamfol ko juye tanka, a faɗa tun kafin mota ta tashi, a sa masa farashinsa daban, a ba shi kayan kariya, inshora ta rufe shi.

Ku kuma masu sito, in kun san ba za ku taɓa motata ba sai bayan awa 6, ku faɗa mini tun a ƙofa, ku karɓi lambar wayata, ku nuna mini inda zan ajiye mota in yi barci na gaskiya. Wannan ba zai ci muku ko sisi ba, ni kuwa zai iya zama shi ne bambancin isa gida da rashin isa. In kuna cin tarar wanda ya makara da rabin awa, ku yarda a ci taku in kun riƙe shi wuni guda. Ku buɗe mana banɗaki da famfon ruwa.

Jibi ina da lodi da sassafe. Zan rubuta lokacin shigata a bayan takardar kaya, in an gama in rubuta na fita, in miƙa wa akawunku ya sa hannu. Ina roƙonku ku gaya masa tun yanzu kada ya ƙi.

Allah ya ja zamaninku, ya tsare mu da ku a kan hanya.

Wassalam. Naku,
Wani direban babbar mota